Asabar, Idin Ƙetarewa da Ɗakin Girki: Tambayoyin da Aka Fi Kai wa Malaman Yahudawa

Wanda bai san addinin Yahudawa ba zai ɗauka tambayoyin da ake kai wa rabbi duk na tauhidi ne. Galibinsu kuwa na agogo ne da na tukunya: ƙarfe nawa za a kunna kyandir, madara ta ɗiga a miyar nama, yaya za a yi. Waɗanda ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin sababbin ma'aurata, da masu koyon addinin, da maƙwabta ko abokan aikin Yahudawa. Amsoshin sun bi tsarin 'yan Otodoks, masu bin shari'ar sau da ƙafa. Inda wasu ɗariƙu suka saɓa, an faɗa.

Shin rabbi limami ne?

Ba sosai ba. Ma'anar kalmar ita ce "malamina", kuma aikinsa ya fi kama da na mai ba da fatawa. Duk namiji baligi da ya iya karatu yana iya jan addu'a a majami'a, matuƙar an cika mutum goma. Abin da rabbi ya fi saura da shi shi ne takardar izini, semika, wadda ke shaida ya ƙware a hukunce-hukuncen abinci, Asabar, aure da makoki. Ba gadon aikin ake yi ba. Waɗanda ke gadon matsayi su ne kohanim, zuriyar Annabi Haruna, kuma abin da ya rage musu yau kaɗan ne, kamar a fara kiransu wajen karatun Attaura. Ɗariƙun Rifom da Konsabatif suna naɗa mata. Mace ta farko ita ce Regina Jonas a Jamus a 1935, sai Sally Priesand a Amurka a 1972.

Daga ina yake ciro hukunci?

Tushe shi ne Attaura, littattafai biyar: Farawa, Fitowa, Firistoci, Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a. Su ne kashin farko na Tanak, mai littattafai 24 a lissafin Yahudawa. Amma aya ita kaɗai ba ta isa. Attaura ta ce kada a yi aiki ran Asabar, ba ta jera ayyukan ba. Jerin yana cikin Mishna, wadda Rabbi Yehuda HaNasi ya tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, sannan Talmud na Babila ya yi mata sharhi. Bayansu akwai Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105, da Musa bin Maimun wanda ya rasu a Masar a 1204.

Littafin da rabbi ke buɗewa idan an kira shi a waya shi ne Shulhan Aruk na Yosef Karo, wanda aka fara bugawa a Benis a 1565, tare da ƙarin bayanin Moshe Isserles na Krakow. Yahudawan Sefaradi, wato na Andalus, Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, suna bin Karo. Ashkenazi na Turai suna bin Isserles idan biyun sun saɓa. Shi ya sa rabbi kan fara da tambayar "iyayenka daga ina suke?" kafin ya ba da amsa. Misali ƙarara yana cikin tambayar shinkafa da gero a ƙasa.

Me ya sa ranakun idi ke canjawa kowace shekara, amma ba sa zagaye shekara kamar azumin Ramadan?

Watanninsu na ganin wata ne, kwana 29 ko 30, don haka shekara mai wata 12 tana da kwana 353 zuwa 355, kusan daidai da ta Hijira. Bambancin shi ne Attaura ta ɗaure Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitowar Isra'ilawa daga Masar, da watan Abib, wato Nisan, lokacin da sha'ir ke nuna. Don kada idin ya zame ya koma hunturu, ana ƙara wata guda, Adar na biyu, sau bakwai a kowace shekara 19: a shekara ta 3, 6, 8, 11, 14, 17 da 19. Da haka idin ke tsayawa tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Afrilu.

Tun ƙarni na huɗu lissafi ake bi, ba ganin wata ba, kuma lissafin yana da ƙa'idojin ɗagewa. Sabuwar shekara, Rosh Hashana, ba ta faɗuwa Lahadi, Laraba ko Juma'a. Dalili ɗaya shi ne kada Ranar Kafara, ranar azumi da tuba da aka hana aiki a cikinta kamar Asabar, ta faɗo Juma'a ko Lahadi, mutane su yi kwana biyu a jere ba girki ba binne gawa. Shekarar 5786 ta fara da faɗuwar ranar 22 ga Satumba 2025.

Ƙarfe nawa Asabar ke shiga, ƙarfe nawa take fita?

Kwana a wurinsu da faɗuwar rana yake farawa, saboda a littafin Farawa maraice aka fara ambata kafin safiya. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda shi ma daren Juma'a a wurinsa shi ne daren da Alhamis ta wuce. Uwargida tana kunna kyandir, aƙalla biyu, minti 18 kafin rana ta faɗi ran Juma'a. A Kudus al'adar minti 40 ce. Idan an makara rana ta faɗi, shi ke nan, ba a kunnawa, domin kunnawar da kanta ta zama laifi. Asabar tana fita idan taurari uku sun bayyana a daren Lahadi, jimilla wajen awa 25, kuma ana rufe ta da Habdala: kofin ruwan inabi, kayan ƙamshi, da kyandir mai lagwani fiye da ɗaya.

Matsalar tana ga ma'aikata a ƙasashen sanyi. A Landan cikin Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sai mutum ya bar ofis tun azahar. 'Yan majami'un Abuja da Fatakwal ba su da wannan damuwar, domin lokacin bai cika motsawa ba duk shekara.

Wane irin aiki aka hana? Danna makunnin lantarki ai ba wahala ba ne.

Ba gumi ake aunawa ba. Mutum na iya ɗaga tebur mai nauyi a cikin ɗakinsa, amma ba zai ƙyasta ashana ba. Mishna ta jera ayyuka 39, waɗanda malamai suka ciro daga aikin gina alfarwar sujada a hamada: huɗa, shuka, girbi, sussuka, sheƙa, niƙa, tankaɗe, kwaɓi, gashi, saƙa, ɗinki, yanka, jima, rubuta harafi biyu, gini, rushewa, kunna wuta, kashe ta, da ɗaukar kaya daga gida zuwa titi, da sauransu. Abin da ya haɗa su shi ne canja abu da gangan daga yadda yake. Lantarki malamai sun sa shi ƙarƙashin kunna wuta, wasu kuma ƙarƙashin gini. Mota kuwa ba gardama, injinta wuta yake ci. Ɗariƙar Konsabatif a Amurka ta yarda a 1950 a tuƙa zuwa majami'a kawai.

Ɗaukar kaya shi ya fi takura wa masu ƙananan yara, domin har makulli da keken jariri sun shiga. Maganin shi ne erub, igiya ko waya da ake kewaye unguwa da ita a kan turaku, ta mai da unguwar kamar tsakar gida ɗaya. Ana duba ta kowane mako kafin Asabar, don iska ko babbar mota kan tsinka ta.

To yaya ake cin abinci mai zafi?

A gama girki tun Juma'a, a bar shi a kan wuta da aka rufe da faifan ƙarfe, ko a kan farantin lantarki mai ɗumama abinci. Daga nan aka samu dafukan da ke kwana a wuta: colent na Ashkenazi, na wake, sha'ir, dankali da nama, da dafina ta Yahudawan Maroko. Ba a juya tukunya tana kan wuta. Idan an sauke don a ɗebi abinci, ana iya mayarwa da sharaɗin abincin ya dahu sarai, bai huce ba, an sauke da niyyar mayarwa, kuma hannu bai saki tukunyar ba.

Kurakuran da aka fi yi na mantuwa ne. An bar ƙwan firji bai mutu ba, buɗe ƙofa ya zama kunna wuta, alhali ɗan salatif a kan makunnin ran Juma'a ya isa. Ko an manta saita na'urar da ke kashe fitilun ɗakin kwana. Shayi ma yana da dabara: ba a zuba tafasasshen ruwa kai tsaye kan ganye, domin dafawa ne. Ana zuba ruwan a kofi, a juye a wani kofin, sannan a sa ganyen, ko a haɗa shayi mai kauri tun Juma'a. Roƙon maƙwabcin da ba Bayahude ba ya yi maka aikin, wanda mutane ke ɗauka hanya ce a buɗe, a asali an hana, sai a lalura kamar sanyi mai cutarwa.

Idan wani ya kamu da rashin lafiya mai tsanani ran Asabar fa?

A kira likita, a tuƙa mota, a kunna duk abin da ya kamata. Ceton rai, pikuwa nefesh, yana gaba da Asabar, ko da zato ne kawai ake yi akwai haɗari. Hujjar ita ce Firistoci 18:5, inda aka ce mutum zai rayu ta dokokin, malaman Talmud suka ce ba mutuwa zai yi ta dalilinsu ba. Mai tsayawa neman fatawa a wannan hali an zarge shi. Ƙa'idar ce ke aiki a azumin Ranar Kafara, duba amsar da ke ƙasa.

Naman da Musulmi ya yanka ya halatta ga Bayahude?

A wurin 'yan Otodoks bai halatta ba. Dole mahauci Bayahude mai horo, shohet, ya yanka da wuƙar da ba ta da ko ɗan tsagi, sannan a duba huhun dabbar. Bayan haka a fitar da jini: a jiƙa naman rabin awa, a barbaɗe shi da gishiri mai tsakuwa awa ɗaya a kan abin da zai tsane, a ɗauraye sau uku, duk cikin awa 72 da yanka. Hanta gishiri ba ya isar mata, sai an gasa ta a kan wuta. Dabbar kuma sai mai tuƙa da rababben kofato, don haka raƙumi da zomo sun fita. Kifi sai mai ɓawo da ƙege: karfasa ta shiga, tarwaɗa ta fita.

Madara ta ɗiga a tukunyar nama. An zubar ke nan?

Hanin dafa ɗan akuya a nonon uwarsa ya zo sau uku, a Fitowa 23:19 da 34:26 da Maimaitawar Shari'a 14:21, kuma malamai suka karanta shi a matsayin hani uku: dafawa, ci, da amfana. Gida mai kiyayewa yana da tukwane, faranti da soso kashi biyu. Bayan cin nama ana jiran awa shida kafin madara, Yahudawan Jamus awa uku, na Holan awa ɗaya.

Idan kuskure ne, kuma abin da ke cikin tukunyar ya ninka ɗigon sau 60, abincin ya halatta. Rabbi zai tambayi abu uku: abincin na da zafi ko sanyi, nawa ne yawan kowanne, kuma an yi amfani da cokalin ko tukunyar cikin awa 24 da suka wuce? Don haka kada a wanke komai a jefar kafin a auna. Wannan rangwamen na kashi 60 ba ya aiki a kan hamez cikin kwanakin Idin Ƙetarewa.

Mene ne hamez, kuma shinkafa da gero suna ciki?

Hamez shi ne duk abin da aka yi da ɗaya daga hatsi biyar, alkama, sha'ir, hatsi biyu da ake kira ots da rayi (rye), da wani dangin alkama da ake kira spelt, idan ruwa ya taɓa shi ya zauna fiye da minti 18 ba a gasa ba. Ba sai an sa yisti ba. Burodi, taliya, biskit, giyar sha'ir da wiski duk hamez ne. Matza, gurasar idin, gari ne da ruwa kawai, kuma daga zuba ruwa zuwa fitowa daga tanda bai kai minti 18 ba. A gidajen gasa ta ana tsayawa bayan kowane zagaye a kankare tebur da muciyoyin murji, don guntun ƙullun da ya maƙale zai lalata na gaba.

Shinkafa da gero ba hamez ba ne. Talmud ya kawo ra'ayin Rabbi Yohanan ben Nuri da ya haɗa su a ciki, ba a bi shi ba. Sai dai tun tsakiyar zamanai Ashkenazi suka ɗauki al'adar ƙaurace musu, tare da wake, daga baya har masara, don gudun gaurayuwa da alkama a rumbu. Sefaradi da yawa suna cin shinkafa bayan sun tsince ta sau uku. Konsabatif sun sassauta a 2015.

Me ake yi da hamez ɗin da ke gida?

An hana ci, an kuma hana mallaka. Bayan sharar makonni, a daren 14 ga Nisan mai gida yana zagaya ɗakuna da kyandir, gashin tsuntsu da cokalin katako. Al'ada ce a ɓoye gutsuren burodi goma don kada a yi addu'ar bincike a banza. A rubuta inda aka sa kowanne, don yakan faru a samu tara a rasa ɗaya. Da safe a daina ci a ƙarshen sa'a ta huɗu, a ƙone saura kafin ƙarshen ta biyar. Sa'a a nan ba minti 60 ba ce, tsawon yini ne aka raba gida 12. Sannan a furta cewa duk wanda ba a gani ba ya zama kamar ƙurar ƙasa.

Mai kanti ko mai kaya masu tsada yana wakilta rabbi ya sayar wa wanda ba Bayahude ba, a kulle kayan, a saye su bayan idi. Cinikin na gaske ne, mai saye na da ikon ɗaukar kayansa. Wanda ya manta bai sayar ba, kayan sun haramta gare shi ko bayan idin ya wuce. Aljihun riga, jakar makarantar yara da mota su ne wuraren da aka fi mantawa.

Tukwanen yau da kullum za su yi aiki a idin?

Ƙa'idar ita ce yadda abu ya sha, haka zai fitar, daga Ƙidaya 31:22-23. Tukunyar ƙarfe da cokula: a wanke tas har tsatsa, a bar su awa 24, a tsoma cikin ruwa yana tsananin tafasa, a ɗauraye da ruwan sanyi. Idan an zuba cokula da yawa lokaci ɗaya tafasar ta tsaya, sai a jira ta dawo. Abin da ya taɓa wuta kai tsaye, kamar ragar gashi da tsinken ƙarfe, sai an ƙona shi ya yi ja. Tukunyar ƙasa da tangaran ba su da magani, ajiye su ake yi. Gidaje da yawa sun gwammace su sayi kayan idi daban.

A daren Seder, wato liyafar buɗe Idin Ƙetarewa, nawa ake ci, nawa ake sha?

Kofi huɗu na ruwan inabi, daidai da alkawura huɗu na Fitowa 6:6-7. Kowane kofi ya ɗauki aƙalla mililita 86 a ma'aunin Rabbi Hayim Na'e, ko 150 a na Hazon Ish, a sha fiye da rabi, ana jingine da hagu kamar 'yantacce. Matza a ci gwargwadon zaitun, wanda a lissafin malamai ya kai kusan rabin matzar inji ko fiye, cikin kamar minti huɗu ba surutu. Ganye mai ɗaci, latas ko wata saiwa mai hawa hanci, shi ma gwargwadon zaitun. Latas sai an duba kowane ganye a haske saboda ƙwari. Ƙaramin yaro ne ke yin tambayoyi huɗu, kuma matzar ƙarshe, afikoman, a ci ta kafin tsakar dare.

Ba a yanka ragon idin tun da Romawa suka rushe Haikalin Kudus a shekara ta 70 miladiyya. Ƙashi gasasshe ne kawai ake ɗorawa a faranti, ba a kuma cinsa. Samariyawa ne har yau ke yanka a Dutsen Gerizim kusa da Nablus.

Me ya sa idin kwana bakwai ne a Isra'ila, takwas a waje?

Lokacin da ake ganin wata, kotun Kudus ce ke sanarwa ta aika manzanni. Na nesa ba sa samun labari da wuri, sai su riƙe ranar idi kwana biyu maimakon ɗaya. Lissafi ya zo, amma Talmud ya ce a riƙe al'adar iyaye. Rifom ba sa ƙara wannan kwanan. Rosh Hashana kwana biyu ce ko'ina, Ranar Kafara ɗaya. A ranar idi, saɓanin Asabar, an yarda a yi girki daga wutar da ke ci tun kafin idin.

Wa aka ɗauke wa azumin Ranar Kafara?

Azumin 10 ga Tishri wajen awa 25 ne, ba ci ba sha, ba wanka, ba shafa mai, ba takalmin fata, ba kusantar iyali. Ya wajaba kan yarinya daga shekara 12, yaro daga 13. 'Yan ƙasa da tara ba a barinsu su yi ko na 'yan awoyi. Mai jego cikin kwana uku na farko ba ta yi. Marar lafiyar da likita ya ce zai iya da kaɗan-kaɗan yana cin abin da bai kai mililita 30 ba, ya sha ƙasa da cikin kunci ɗaya, duk bayan minti tara. A auna kofin tun jajibere. Idan akwai haɗari, ya ci yadda yake buƙata.

Mishna ta ce ranar ba ta kankare laifin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa sai ya nemi yafiyarsa. Idan an ƙi, ya koma har sau uku. Idan kuɗi ne, a biya tukuna.

Wace irin rumfa ce ta inganta a Idin Bukkoki?

A wannan idin a rumfa ake cin abinci maimakon ɗaki. Bango biyu cikakku da ɗan na uku sun isa, kodayake uku ko huɗu ake yi. Tsayi kada ya gaza faɗin tafin hannu goma, wajen santimita 80 zuwa mita ɗaya, kada ya wuce kamu 20. Rufin ne ke jawo matsala: dole ya zama abin da ya tsiro daga ƙasa kuma aka yanke, kamar kara, gora ko ganyen dabino, inuwarsa ta fi rana yawa. Rumfa a ƙarƙashin bishiya ko baranda ba ta yi ba. Tabarmar da aka saƙa don kwanciya ba ta yi ba, wadda aka saƙa don rufi ta yi. A fara kafa bango sannan rufi. Idan ruwan sama ya kai ya ɓata miya, a koma ɗaki.

Mai karatun Attaura ya ga harafi ya goge. Yaya ake yi?

An raba Attaura kashi 54, ana sauke ta a shekara, ana karantawa Litinin, Alhamis da Asabar. Mutum uku ake kira a ranakun mako, bakwai ran Asabar. Naɗaɗɗen littafin na fata ne, marubuci ya rubuta haruffa 304,805 da hannu, ba wasali ba alamar rera karatu, don haka mai karatu yana haddace su tun a gida, yana bin layi da ɗan sanda mai siffar hannu don kada yatsa ya taɓa tawada.

Idan harafi ya ɓace ko aka rubuta wani a madadinsa, a tsaya, a naɗe littafin, a ɗaure shi ta wajen rigarsa don kowa ya gane, a ɗauko wani a ci gaba daga inda aka tsaya. Idan shakka ce kawai, kamar harafin wau da ƙafarsa ta gajarce har ya yi kama da yod, ana kiran yaron da ya san haruffa amma bai san ayar ba, a rufe kalmomin da suka gabata, a nuna masa. Abin da ya kira harafin, shi ne hukuncin.